Zaren da Bai Shiga Kwandon Inna Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta rasu ranar Lahadi da hantsi, ana tsakiyar cin kasuwar Illela, kuma kafin la'asar gidanmu ya cika da matan da suka yi shekaru suna gunaguninta a ɗakunansu. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta ina karɓar gaisuwa, ina jin abin da kowacce ke faɗi, har raina ya ɓaci fiye da yadda ya kamata ran mai zaman makoki ya ɓaci.

"Allah shi jiƙanta, baiwar Allah mai gaskiya," in ji wata maƙwabciyarmu. Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai baki."

"Sai dai baki," in ji sauran, kamar masu amsa addu'a.

Ƙanwar mijina, wadda ke aure a Konni, ta iso da ƙafafu a kumbure, ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su yafe wa uwarta. "Tsuhwa na, ku yi haƙuri," haka take ta faɗi. Ba tsufa ba ne. Tsofaffin unguwa sun shaida mini haka take tun tana da haƙoranta duka. Wata mata daga Tozai ta fi kowa kuka, har sai da aka ba ta ruwa. Dillaliyar bakin kasuwa ma ta zo, wadda ta gaji rabin cinikin marigayiya tun tana da rai, ta zauna ta yi ta jinjina kai tana cewa an yi rashi.

Can wata dattijuwa ta kama hannuna, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ke kam, ɗiyata, kin huta."

 Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa ta yi mini ciwo. Amma a ranar na ƙudurta cewa ba zan bari a rufe wannan mata da kalma biyu ba, wai mai gaskiya, mai baki. Ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci bai taɓa yi mini wani amfani ba sai yau, to bari in more shi.

Zan fara da abin da ke ci mini rai, don kada a ɗauka yabo na zo yi. Tun da aka kawo ni gidan nan daga Gidan Katta, kusan shekara goma kafin a sami mulkin kai, har ranar da ta cika, zarena bai taɓa shiga kwandonta ba. Ko sau ɗaya. Na haifa mata jikoki, na yi mata tuwo, na yi jinyarta, amma zaren da na kaɗa da hannuna bai isa ba.

Ga wanda bai san gidanmu ba, sana'arta ke nan. Matan unguwa da na ƙauyukan kewaye suna kaɗi a ɗakunansu, su aiko mata da curin zare. Ita za ta duba, wanda ya yi ta jefa shi a wani babban kwando da ke rataye a rumfarta, ranar kasuwa masaƙa su zo su kwashe. Masaƙan har daga hayin iyaka suke zuwa, kuma ba sa warware abin da ya fito daga kwandon nan, don sun san an riga an warware musu. Wanda bai yi ba kuwa ta mayar wa mai shi. Duk dillaliya tana mayar da kaya, wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya raba ta da sauran shi ne ba ta iya cewa a'a ta yi shiru.

Ina amarya na kaɗa curina na farko, na yi ta alfahari da shi, don a gidanmu ni ce gwana. Na durƙusa na ajiye a gabanta, kaina a ƙasa kamar yadda ake yi wa suruka. Ta ɗauka, ta kama bakin zaren, ta fara warwarewa tana naɗe shi a jikin wani kara, zaren yana bi ta tsakanin babban yatsanta da manuni. Ba ta kallona, ba ta kallon kowa. Can ta tsaya.

"Amarya, taho ki ga. Nan."

Na duba, ban ga komai ba.

"Sa yatsa. Kin ji ya yi kauri? Daga nan har tsawon kamu guda. Sutun audugar da kiɗ ɗauko ya yi girma, kina ja da gaggawa. Rage shi rabi, ki shahwa alli a yatsa, ki bar sauri. Wa ka korarki?"

Ta ɗaura wani ɗan baƙin ƙyalle a wurin, ta ci gaba da warwarewa. Na ɗauka an gama, ashe an fara. Tuwon dare na ranar sai da ya makara, mijina ya shigo ya tarar da ni a durƙushe, curina ya sha ƙyallaye kamar an yi masa ado. Daga ranar kuma sunana Amarya a bakinta, ko da babban ɗana ya fara zuwa gona bai canza ba.

Ƙyallayen nan su ne harshenta. Yawancin masu kaɗin ba sa fita, yara ke kawo zaren, kuma ta daɗe da gane cewa saƙon da aka ba yaro yana isa gida rabinsa ya zube a hanya. Don haka ta yi wa kowane aibi launinsa. Baƙi, zare ya yi kauri a nan, ya yi siriri a can. Ja, murɗi ya saki, zai tsinke a hannun masaƙi. Shuɗi, akwai datti ko ɓawon iri, ba a gurza audugar da kyau ba ko ba a shiɓe ta ba. Takan ɗaura shi daidai inda aibin ya fara, ba gaba ba, ba baya ba. Mace na zaune a ɗakinta a Tozai za ta warware curinta ta san abin da ya faru, da inda ya faru, da abin da za ta gyara gobe.

Kuma ba a nan take tsayawa ba, wannan ne ya sa ake cewa tana da baki. Tana karanta mutum a jikin zarensa. Ta taɓa tsayawa a wani wuri a curina ta ce, "Nan kin yi hushi da ɗana." Na ce a'a. Ta ce, "Murɗin ya yi tsanani, kamar wuyanai kika murɗewa. In kun yi hwaɗa ki tai ki yi daka, turmi ba shi lalacewa." Gaskiya ne mun yi faɗa, kuma ban ga abin da ya shafe ta ba.

Ba zare kaɗai ba. Shekarar da aka sami mulkin kai, ɗana ya dawo daga makaranta da 'yar tuta kore da fari a jikin tsinke, yana ta tsalle. Duk gari ana kiɗa, maza sun taru wajen rediyo a ƙofar gidan mai gari. Ya kai mata ta gani. Ta karɓa, ta murza ƙyallen tsakanin yatsu, ta bi gefensa da farce.

"Saƙar inji ta, ba laihi," in ji ta. "Amma ba a kalmashe bakin ba. Nan za ta hwara zarewa. Kawo allura."

Yaro na kuka yana so ya koma cikin 'yan uwansa, ita tana zaune tana kalmashe tutar ƙasa. Ta sauran yara ba ta kai damina ba, tasa har yanzu tana cikin kayana.

Akwai lokacin da na gaji. Dillaliyar bakin kasuwa mace ce mai daɗin baki, duk abin da aka kai mata sai ta ce madalla, hannu ya yi kyau, a gai da mutanen gida. Na ce bari ni ma in ji madalla sau ɗaya a rayuwata. Na aika mata da curi biyu. Ta karɓa da fara'a, har da saƙon yabo. Bayan kasuwa ta watse duka biyun suka dawo yadda suka tafi, ko warware su ba a yi ba. Inna tana rumfa ta ga an shigo da su. Na shirya wa faɗa, sai ta kira ni a hankali.

"Mi anka ce aibinsu?"

"An ce ba a so."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"To gobe in kin ɗauki mazari, mi za ki gyara?"

Na dubi curin biyu, ba ko ƙyalle ɗaya a jikinsu.

"Kin gani. Ta yi miki dariya ta rufe miki ƙohwa. Wata shekara ma kina nan inda kike, kina zargin kasuwa, kina zargin maƙiya. Miƙo su nan."

Ta warware su duka biyu, ta ɗaura musu ƙyallayensu, ta maido mini. Na koma ɗaki ina cizon haƙora. Abin haushin shi ne na fi jin zafin wancan "ba a so" ɗin fiye da duk ƙyallayenta, kuma ta san haka.

Kada in ci amanarta, tana da alheri, sai dai alherin ma da sigarta yake zuwa. Akwai wata bazawara a bayan masallaci, mai 'ya'ya ƙanana, kaɗi ne kaɗai abin da take ci da shi. Zarenta ya shiga dawowa da jan ƙyalle, kuma kullum a tazara iri ɗaya. Inna ta yi ta juya abin a ranta, ta ce hannun mutum ba ya kuskure da tsari haka. Ta yafa zane ta tafi gidan da kanta, ta ce wa matar ta kaɗa a gabanta. Tana ganin yadda mazarin ke rawa ta karɓe shi. Ashe dunƙulen yumɓun da ke ƙasansa ne ya tsage, yana karkata.

"Ba hannunki na ba, ɗiyata, mazarinki na," in ji ta. Ta ba ta nata, wanda ta gada daga uwarta. Kasuwa mai zuwa zaren bazawarar ya shiga kwando.

Da na ji labarin, sai wata dabara ta zo mini. Na ɗauko nawa mazarin na kai mata, na ce ko za ta duba mini, kamar yana ɗan karkata. Ta murza shi a tasa, ta saurare shi, ta miƙo mini.

"Lahiya lau yake. Hannunki na."

Haka muka zauna shekara da shekaru, ni ina kaɗi tana ɗaurawa. Ƙyallayen suna raguwa, wannan ba zan musa ba. Daga curi mai ado ya koma mai uku, ya koma mai biyu, wani lokaci ɗaya tak. Amma ɗayan nan ba ya tashi. A wurinta curi mai ƙyalle ɗaya da mai goma duk hanyarsu ɗaya, ta komawa gida.

Shekara biyu da suka wuce, bayan girbin gero, zare ya fara ɗaukewa daga rumfarta. Matar Tozai ce ta fara janyewa, wadda ta fi kowa kuka ranar rasuwa. Sai maƙwabta suka bi. Ba wadda ta zo ta yi faɗa, ba wadda ta aiko da magana. In an haɗu wajen suna sai a gaishe ta da ladabi, a tambayi lafiyar ƙafafunta, a wuce. Masaƙa su zo ranar Lahadi su tarar da kwando ko rabi bai kai ba. Mijina ya ce ai zaren kanti ne ya shigo, kowa ya koma can. Ita ba ta yarda ba. Takan zauna a rumfa da karanta a hannu, ba abin naɗewa, tana tambayar duk wanda ya gifta.

"Mi niy yi musu? In aibi na, a nuna mani wurin."

Ba wanda ya nuna mata. Ta rame a 'yan watannin nan. Matar da ba ta taɓa mayar da ko curi ɗaya ba tare da dalili ba, ga shi gari guda ya mayar da ita ba dalili.

Ni na gano, kuma ba don wayo ba. Ni kaɗai ce mai samun saƙonta ta hanya biyu, ta ƙyalle da ta baki. Wata rana tana duba curina ta tsaya ta ce, "Nan ya yi kauri," ta sa hannu a ƙwaryar ƙyallaye, ta ɗauko ja ta ɗaura. Na sa yatsa, lallai kauri ne, yatsunta ba su yi ƙarya ba. Amma ja na murɗi ne. Na ɗaga kai na dubi fuskarta, abin da ba na yi, sai na ga wani fari-fari ya fara rufe baƙin idonta. Nan take komai ya fito mini. Mace za a mayar mata da zare a ce murɗi ya saki, ta ƙara murɗi, alhali aibin kauri ne. Ta sake aikowa a sake mayarwa, wannan karon a ce datti. Ta wanke hannu, ta sake shiɓa, a sake mayarwa. Wa zai jure wannan? Sun ɗauka tsohuwa ta rikice, ko kuma da gangan take musu, suka tattara suka tafi wurin mai cewa madalla.

Na gaya wa mijina. Ya ce in rufa masa asiri. "Uwata ta. In dube ta in ce mata ta makance? A bar ta, in zaren ya ƙare ta huta." Na aika wa ƙanwarsa a Konni, ta aiko da kwalli da addu'a. Kowa yana sonta, kowa yana tausayinta, kuma kowa ya yarda a bar ta a cikin duhu ta yi ta tambaya. Ban taɓa jin haushin mutanen gidan nan kamar lokacin ba.

Ni kuwa suruka ce. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kiran sunan ɗanta tana ji ba. Kuma na san in na buɗe baki, ɗan abin da ya rage tsakanin zarena da kwandon nan ya tafi ke nan. Duk da haka wata safiya, bayan maza sun fita, na je na durƙusa a rumfar.

"Inna, kamar dai mutane suna cewa alamun sun ɗan rikice."

Ta juyo da kunnenta wajena. "Waɗanne mutane? Wace alama? Rikicewa ta ƙaƙa? Haka nika maido miki zare, in ce ya ɗan rikice?"

Na ce, "Kina ɗaura ja inda baƙi ya kamata. Wani lokaci shuɗi inda ja ya kamata. Yatsunki suna gane wurin daidai. Idanunki na, Inna."

 Sannan ta jawo ƙwaryar, ta ɗauko ƙyalle ɗaya, ta ɗaga shi wajen haske. "Wanga baƙi na."

"Ja na."

Ta ɗauko wani. "Wanga hwa?"

"Shi na baƙin."

"Tun yaushe?"

"A nawa zaren tun kasuwa biyu da sunka wuce nig gani. A na mutane ina jin tun girbi."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Na sunkuyar da kai. Ina jiran ta kore ni, ko ta yi kuka, ko ta ce Allah shi yi mini albarka. Ba ko ɗaya.

"To, kin hwaɗi aibi, kin hwaɗi wuri. Ina maganin?"

"Ban yi tunanin wannan ba, Inna."

"Rabin aiki ke nan. Tashi ki tai ki ƙarasa."

Wallahi na tashi cike da takaici. Na ɗauki abin da ɗanta na cikinta ya kasa ɗauka, sakamakona a ce na yi rabin aiki. Amma na yini ina tunani, washegari na koma mata da abu uku da hannu zai iya rabewa ko ido a rufe: tsinken kaba, da 'yar siririyar fata, da tsumma. Kaba ta maye gurbin ja, fata ta maye gurbin baƙi, tsumma kuma shuɗi. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kabar za ta karye in ta bushe, sai an jiƙa ta tukuna. Wannan ce godiyar da na samu.

Abin da ta yi bayan nan shi nake so a tuna. Ta ɗauki sanda ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, da ƙafafunta masu ciwo. Tozai ma sai da ta sa aka ɗora ta a jaki. Duk inda ta shiga magana ɗaya ce, bazawarar nan ta ba ni labari: "Kuskure nawa na. Jan da niɗ ɗaura miki, baƙi nika nuhi. Idona ya mutu, ban sani ba. Ga sabuwar alama." In ta gama wannan kuma sai ta juya kan mai gida. "Ke kuma, kin ga abu ya karkace kin kwashe kayanki kin tahi shiru. Bakinki ciwo yaka yi?" Wasu sun dawo mata. Da yawa kunya ta hana su, wasu kuma lallai zaren kanti ya ɗauke su. Kwandon bai sake cika ba, amma ta daina tambayar masu wucewa, ta koma cin tuwonta.

Zan faɗi gaskiya, na sa rai. Na ce yanzu kam, bayan duk wannan, ko don kara za ta kau da kai ga ɗan aibi ɗaya. Na kaɗa curi na kai. Ya dawo da fata a ɗaure. Ni ce ma na yanka mata fatar.

Da sanyin bana tari ya kama ta, ya kwantar da ita. Na mayar da kaɗina bakin ƙofar ɗakinta don in ji in ta kira. A nan na kaɗa curin da ban taɓa kaɗa irinsa ba, da audugar gonarmu ta Gidan Katta, na tsince ta da hannu, na shiɓe ta har ta yi laushi kamar kumfa. Ban yi niyyar kai mata ba, mace tana fama da numfashi. Ita ce ta ji mazari ya yi shiru.

"Amarya, kin gama? Kawo."

"Inna, ki huta."

"Kawo nic ce."

Na tallafe ta ta jingina da bango, na ba ta kara. Ta fara warwarewa. Hannun ya yi rauni, tana yi tana tsayawa ta yi tari, amma yatsun nan biyu suna nan yadda na san su. Zare yana wucewa, yana wucewa. Ya wuce rabi ba ta tsaya ba. Ya kusa ƙarewa ba ta tsaya ba. Na dubi kwandon ta ƙofa, yana rataye a rumfa. Saura kaɗan curin ya ƙare, sai yatsun suka tsaya. Suka koma baya, suka sake bi.

"Miƙo mani kaba."

Na ce a raina, ko a bakin kabari, baiwar Allah? Na miƙa mata, jiƙaƙƙiya kamar yadda take so. Ta ɗaura da ƙyar.

"Nan murɗi ya saki. Shekaranjiya na, sa'ad da niy yi dogon tarin nan. Kuka kika yi."

"Ban yi ba."

"Kin yi. Ba a kaɗi ana kuka, yatsa yana jiƙa, alli ba shi kamawa. In ya zo miki ki aje mazarin ki gama tukuna." Ta huta. "Ba shi shiga kwando."

"Na sani, Inna."

"Amma daga kabar ga, ki yanke kamu guda ki yar. Sauran ya isa ɗinki. Ɗauko mani tukunyar can ta ƙarƙashin gado."

A cikin tukunyar akwai farin ƙyalle saƙar hannu, siri-siri yadda yake fitowa daga wurin masaƙi, an naɗe shi da ganyen ƙamshi. Likkafaninta ne. Ta tanade shi da daɗewa, amma ba a haɗa shi ba.

"Na daɗe ina neman zaren da za a haɗa shi," in ji ta. "Sa naki ciki. Kada ki bari su sa mani na kanti."

Ranar Lahadin da ta cika, na yanke kamu guda daga inda kabar take, na ba mijina sauran ya kai wa dattawan da ke ɗinki a zaure. Ya ce ɗayansu ya ja zaren tsakanin hannuwansa ya tambaya ko daga kwandon marigayiya ya fito. Mijina ya ce i, don bai san bambanci ba. Da ina wurin da na gyara masa.

Da mutane suka ragu na ɗauko guntun da na yanke, na bi shi da yatsa. Murɗin ya saki, daidai daga bakin kabar. Tana da gaskiya, kamar kullum, kuma har yanzu wannan ne ya fi ba ni haushi game da ita. Dattijuwar da ta ce na huta ba ta san abin da take faɗi ba. Jiya na gama wani curi, na riƙe shi a hannu na rasa inda zan kai shi. Duk wanda na nuna wa a garin nan madalla zai ce.

Kwandon yana nan a rataye a rumfa. Ɗan ragowar zaren da aka dawo da shi daga zaure yana cikin ƙwaryata, kuma yanzu babu mai hana ni in miƙa hannu in jefa shi a ciki. Ban jefa ba, don ba a karɓa ba.

Allah Ya karɓi Inna da rahamarsa, Ya haskaka mata makwancinta, Ya mayar mata da ganinta. In akwai aibi a aikinta Ya rufe mata shi, ko da yake na san halinta, za ta fi so a nuna mata wurin.